Rawa Ma Baiwa Ce

Mu mazauna Wusasa, a gindin Dutsen Kufena, mun san iyaye da yawa ba su so a ce ɗansu ɗan rawa ne. Amma a shekarun 1970, nan Zariya, Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗauki makaɗa da 'yan rawa aiki, suna nuna raye-rayen ƙasarmu a gaban jama'a. A nan Peter Badejo ya shirya raye-raye, ya koyar da matasa, kafin ya kafa ƙungiyarsa a Landan a 1990.

Sarki Dawuda ma ya yi rawa a gaban Akwatin Alkawari. In ɗanmu yana da wannan baiwa, kada mu kore shi. Mu nema masa malami nagari da wuri mai mutunci.