Ƙafa 400 Ba Izinin Tashi Ba Ne: Gargaɗi Ga Masu Ɗaukar Hoto Daga Sama A Ƙasar Gobir

A 'yan shekarun nan wata sabuwar sana'a, wadda waɗansu kuma suka ɗauka abin nishaɗi, ta shigo hannun samari a manyan garuruwan Arewa, watau ɗaukar hoto daga sama da ɗan ƙaramin jirgin nan maras matuƙi mai farfela huɗu. Da wuya a yi hawan salla ko wani babban biki a Kano ko Sakkwato ba a ji ƙugin ɗayansu bisa kawunan jama'a ba. Da yawa daga cikin masu riƙe da su sun ji labarin cewa doka ta hana a wuce ƙafa 400, sai suka ɗauka duk abin da ke ƙasa da haka halal ne. Wannan fahimta kuskure ce a ko'ina. Amma a Sabon Birni da Isa, inda ƙasar Gobir ta yi iyaka da Jumhuriyar Nijar, kuskure ne wanda zai iya jawo hasarar rai.

Abin Da Ke Jan Mai Hoto

Ba abin mamaki ba ne idan ɗalibi ko ma'aikaci ya yi sha'awar ganin wannan yanki daga sama. Kusa da Isa ne gulbin Bunsuru da na Gagare suke haɗuwa su zama gulbin Rima, a can gaba kuma wajen Sabon Birni gulbin Maraɗi ya shigo daga Nijar, kana ruwan ya gangara zuwa madatsar Goronyo. Da damina ruwa yakan malale fadamu, ya ci gonaki, ya yanke hanyoyi. Ma'aikacin gona da ke son sanin iyakar ɓarnar ambaliya zai yi kwanaki yana yawo da ƙafa a kan abin da hoto daga sama zai nuna masa cikin sa'a guda.

Har ila yau a ƙasar Sabon Birni ne kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir tun daga tsakiyar ƙarni na 18, mazaunin Bawa Jan Gwarzo, wanda mayaƙan jihadi suka ci a 1808 a zamanin Sarkin Gobir Yunfa. Ganuwar da ta zube ta koma tudu, mai tafiya a ƙasa zai iya taka ta bai sani ba. Daga sama kuwa, da sassafe ko da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta yi ƙasa inuwa ta yi tsawo, ana iya bin zanenta da ido. Saboda haka buƙatar halal ce. Abin tambaya shi ne ta wace hanya za a biya ta.

Dalilin Ƙafa 400

Ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba. Ƙa'idar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya ta hana jirgi mai ɗauke da mutane yin ƙasa da ƙafa 500, watau mita 150, a bayan gari, sai fa wajen tashi da sauka. A bisa garuruwa kuwa ƙafa 1,000 ne daga gini mafi tsawo. Don haka aka tsayar da ƙananan jirage marasa matuƙa a ƙafa 400, kimanin mita 120, aka bar ratar ƙafa 100 a tsakani. Amurka ta sa wannan iyaka cikin dokarta ta 2016, ƙasashen Tarayyar Turai suna bin mita 120, haka nan Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, watau NCAA, wadda ta ware kashi na 21 na dokokinta na 2023 domin irin waɗannan jirage.

Akwai wani abu da sababbin shiga ba su cika lura da shi ba. Doka tana auna tsawo ne daga ƙasar da ke ƙarƙashin jirgin, amma lambar da ke bayyana a na'urar da ke hannun mai tuƙi tana ƙirgawa ne daga wurin da jirgin ya tashi. Wanda ya tsaya a kan tudu ya tura jirginsa bisa fadama, zai ga mita 120 a rubuce alhali ya riga ya ƙetare iyaka. Bugu da ƙari, jiragen kamfanin DJI, waɗanda su suka fi yawa a kasuwa, sukan zo da iyakar mita 120, amma mai su yana iya ɗaga ta har zuwa mita 500. Yardar na'ura ba yardar hukuma ba ce.

Hoton Kirki Ba Ya Buƙatar Nisa

Masu cewa sai an lula sama hoto ke yin kyau, lissafi bai goyi bayansu ba. Jirgin da ake kira Phantom 4 Pro, idan ya tsaya a mita 120 ya dubi ƙasa sosai, hoto guda yana ɗauke filin da ya kai mita 180 a tsawo da mita 120 a faɗi, watau eka 5 da 'yan kai, kuma kowane ɗigo na hoton yana daidai da santimita 3 da ɗoriya a ƙasa. Idan aka ninka tsawon, filin da ake gani zai ƙaru, amma kunya da ƙananan hanyoyin ruwa za su fara dushewa. Masu aikin safiyo ba hawa suke ƙarawa ba. Hotuna da yawa suke ɗauka a jere, kowane yana hawa kan kashi 70 ko 80 cikin 100 na wanda ya gabace shi, sa'an nan a haɗa su a kwamfuta su zama taswira guda.

Yanayin yankin ma yana goyon bayan wanda ya yi ƙasa. Da hunturu, gwargwadon hawan jirgi gwargwadon kaurin hazon da ke tsakaninsa da ƙasa. Iska kuma ta fi ƙarfi a sama, tana cinye batir. Kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo, kuma mai jirgin ba shi ne kullum ke zaɓen inda zai faɗi ba.

Izini Kafin Tashi

A watan Mayu na 2016, hukumar NCAA ta ba da sanarwar hana kowa tayar da jirgi maras matuƙi a sararin samaniyar Nijeriya sai da izininta da kuma na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro. Wannan ofishi ne kuma ke ba da takardar shaidar wanda zai yi amfani da jirgin kafin a shigo da shi ƙasar. Ana buƙatar a yi wa jirgin da nauyinsa ya haura giram 250 rajista, kada kuma mai tuƙi ya bar shi ya ɓace wa ganinsa. Ma'aikatan gwamnati ya kamata su lura cewa katin shaidar aiki ba ya maye gurbin waɗannan takardu.

Sararin Da Ba Na Wasa Ba

Abin da ya bambanta Sabon Birni da Isa da filin hawan salla shi ne halin tsaro. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta hana jirage shawagi bisa Jihar Zamfara, wadda Isa ke maƙwabtaka da ita ta wajen Shinkafi. A watan Satumba na wannan shekara aka katse layukan wayar tarho a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da waɗannan biyu. A 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka kama shi.

Inda ake irin wannan fama, jiragen soja masu saukar ungulu ba su ɗaure da ƙa'idar ƙafa 500. Abin da ya faru a birnin Niyok na Amurka a watan Satumba na 2017 ya isa misali. Wani mai wasa da ƙaramin jirgi ya tura shi har ya ɓace masa, jirgin ya yi karo da na soja mai saukar ungulu a tsawon kimanin ƙafa 300, ya lalata masa farfela. Allah ya kiyaye aka sauka lafiya. Abin lura a nan shi ne bai kai ƙafa 400 ba.

Na biyu, sojan da ke bakin aiki ba shi da hanyar bambanta jirgin ɗalibi da na ɗan leƙen asiri. A watan Janairu na 2025 rundunar da ke yaƙi a Arewa maso Gabas ta haramta amfani da jirage marasa matuƙa a Borno da Yobe da Adamawa, bayan da 'yan ta'adda suka fara kai hari da su. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ma ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro. Hoton da ya nuna inda aka girke soja, ko hanyar shiga wani ƙauye ta baya, idan ya hau intanet ba a san hannun da zai faɗa ba.

Na uku, akwai talakawa. Tun daga daren 3 ga Disamba, 2023, da jirgin soja maras matuƙi ya jefa bom bisa kuskure a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, inda hukumar ba da agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85, ƙugin irin wannan na'ura ya daina zama abin kallo a karkara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Baƙon da aka gani yana sarrafa jirgi a bayan gari, ba wuya a ɗauke shi mai kai wa 'yan bindiga rahoto, kuma fushin jama'a ba ya jiran bayani.

Iyakar Ƙasa Da Katangar Gida

Mutanen Sabon Birni da na Tsibiri ta ƙasar Maraɗi 'yan'uwa ne, Gobirawa ne gaba da baya, amma sararin samaniyarsu biyu ne. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta hana jirgi maras matuƙi shiga sararin wata ƙasa sai da izini na musamman, ta kuma ba kowace ƙasa ikon hana ɗaukar hoto daga sama. Da damina iska daga kudu maso yamma take busowa, watau tana tura jirgi wajen Nijar ke nan.

Akwai kuma iyakar da ta girmi duk waɗannan dokoki. An gina gidan Bahaushe da zaure da katanga ne domin kada idon baƙo ya kai tsakar gida, inda iyali ke harkokinsu, ga makewayi kuma sau da yawa ba rufi. Kyamarar da ke rarrabe abu mai santimita 3 daga mita 120 ta shiga gida ba sallama. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa.

Saboda haka wanda aikin gona ko binciken tarihi ya kai shi wannan yanki, sai ya fara da takardun Abuja, ya sanar da jami'an tsaron da ke wurin, ya bi ta hannun ƙaramar hukuma da uban ƙasa da mai gari, domin a shaida wa jama'a rana da wuri. Idan aka ce masa a'a, ya nemi hotunan tauraron ɗan Adam, waɗansunsu kyauta ake samu, ya jira lokacin da ƙura ta lafa. Kufan Alƙalawa ya shekara fiye da 200 a inda yake, ba gudu zai yi ba.