Masu Gyaran Numfashin Inji

Da hantsi ne, a wani gareji da ke kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, wani saurayi ya shigo da Honda ɗinsa yana rungume da kwali. A ciki akwai bututun ƙarfe mai sheƙi da jar matatar iska mai siffar mazurari. Ya gani a YouTube, yana so a cire baƙin akwatin roba da motar ta zo da shi a ɗaura masa wannan, don ta riƙa ruri idan ya taka totur. Maigidan garejin, dattijo mai furfura a gemu, bai yi masa musu ba. Bonet ya ɗaga, ya kama hannun saurayin ya kai shi daidai inda za a ɗaura sabuwar matatar, bayan lagireto. Yaron ya janye hannu da sauri. Dattijon ya ce, "To ɗana, wannan hucin kake so in shayar da ita?"

A cikin makanikai akwai waɗanda hannunsu ya faɗa a kan hanyar da iska ke bi ta shiga inji. Ba su da allo na daban, amma direbobi sun san su, kuma idan mota ta fara nauyin tashi ko shan mai fiye da kima, wurinsu ake nufa.

Abin da suka gane tun suna yaran gareji shi ne inji ya fi cin iska a kan mai. Kafin giram ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus, sai ya haɗu da iska giram 14.7. Ke nan lita guda ta fetur tana neman iska wajen lita 9,000. Kuma ba kowace iska ce ɗaya ba. Zafi yana sa ta buɗe ta yi sakayau, sanyi yana tattara ta. Iskar Afrilu mai digiri 40 ta gaza mai digiri 20 kauri da kusan kashi 6 cikin ɗari, shi ya sa direban da ya bar tasha da asuba yake jin motarsa ta fi kuzari a kan ta azahar. Wanda ya haura Jos kuwa, tudu mai kusan mita 1,200, yakan ji motar ta ɗan yi sanyin jiki, domin iskar can ba ta kai ta Kano kauri ba.

Wannan baƙin akwatin da samari ke rainawa, kamfani ya yi masa hanci da ke zuƙo iska daga gaban mota ko gefen fitila, nesa da hucin inji. Wanda ya cire shi ya bar buɗaɗɗiyar matata a tsakiyar zafi, ya faɗaɗa ƙofa ne amma ya rage abincin. Ƙarar za ta ƙaru, wannan ba shakka, kuma ƙarar ce ke ruɗin kunne har mutum ya rantse motarsa ta ƙara gudu. Ko a inda aka yi aikin daidai, ƙarin ƙarfin da ƙaramin inji marar turbo ke samu ɗan kaɗan ne, kuma sai an taka totur har ƙasa ake jin sa.

Sai maganar ƙura, wadda a ganina ita ce ta raba makaniken ƙasar nan da na Turai. Daga Nuwamba zuwa Maris, hunturu yana kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke Chadi ya shimfiɗa mana. Wannan ƙurar ga inji kamar garin dutsen wasa wuƙa ce. Idan ta wuce matata ta haɗu da baƙin mai, sai ta riƙa cin ringi da bangon silinda a hankali, har ranar da mota za ta fara fitar da shuɗin hayaƙi tana neman ƙarin baƙin mai kowane mako. Matatar auduga mai jiƙe da mai, irin wadda kamfanin K&N na Amurka ya shahara da ita, tana barin iska ta wuce da sauƙi, kuma ana wanke ta a sake amfani da ita. Amma tana son kulawa, ga kasuwa cike da jabu masu kama da ita waɗanda idan ka ɗaga su a rana kana hango haske ta ramuka. Dattijon yana da gwaji guda da nake jin daɗin kallo: yakan kwance bututun da ke bayan matata, ya zura farin ƙyalle ya goga ciki. Idan ƙyallen ya fito da ja-ja, magana ta ƙare, inji yana shan ƙasa.

Da can, zamanin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, aikin na kunne ne da sukudireba: a juya ɗan ƙusar kafireto har inji ya daidaita numfashi. Motocin yanzu kwamfuta ke raba musu mai, kuma tana dogaro da wata 'yar na'ura da ke cikin bututun, mai siririyar waya mai zafi da ke auna yawan iskar da ta wuce. Canja faɗin bututun a daidai wurinta, lissafi ya rikice. Cika wa matata mai har ya fantsama a kan wayar, mota ta fara shessheƙa, fitilar gargaɗi ta kama. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu zuwa neman ragin shan mai sun fi masu neman gudu yawa, kuma sau da dama maganinsu bai wuce sabuwar matatar takarda mai kyau ba, da wanke maƙogwaron totur, da toshe tsagewar da roba ta yi.

Ba wai makanikan nan ba sa gyare-gyare ba ne. Suna yi, kuma a nan ake ganin gwaninta. Wani zai lanƙwasa farantin alminiyam ya yi wa matata katanga tsakaninta da inji, ya jawo mata bututu daga gaba. Sai dai ba zai sauke bakin bututun ƙasa kusa da taya ba, ko da yake iskar can ta fi sanyi, saboda ya san yadda ruwa ke kwanciya a titunan Kano a watan Agusta. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan inji ya zuƙe shi, sandar fistin ce ke lanƙwashewa nan take. Direbobin Land Cruiser da Hilux masu ratsa Sahara daga Agadas sama suke kai hancin, su ɗaura shi a gefen gilashin gaba, inda ƙurar da tayoyi ke tayarwa ba ta kai yawan ta ƙasa ba.

Abin da ke damuna shi ne wannan ilimin ba shi da farashi a idon mai mota. Wanda ya ɗaura ƙarfe mai sheƙi a biya shi da murna, wanda ya ce a bar akwatin kamfani yadda yake sai a ga kamar bai yi aikin komai ba.

Saurayin nan dai ya dage, sai aka raba gardama. Dattijon ya bar akwatin a mazauninsa, ya sa yaronsa ya sayo matata ta asali, ya maye gurbin tsohon bututun roba da ya tsage a ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Da aka tayar da motar ya sa kunne na ɗan lokaci, ya rufe bonet, ya miƙa wa saurayin kwalinsa. Ya ce masa ya dawo idan hunturu ya yi wata guda, a sake zura ƙyalle a gani.