Tabarau Mai Kwaikwayon Zahiri da Darasin Ramukan Ɗan Isa

Ran 7 ga Nuwamba 2021, ramukan zinariya na Garin Liman, a yankin Ɗan Isa, kudu da birnin Maraɗi, suka rufta da mahaƙa, aka zaƙulo gawa goma sha takwas tun a ranar farko. Wanda ya yi nazarin wannan musiba da idon basira zai tarar da cewa, ko da yake ajali ba ya wuce lokacinsa, sababinta a sarari yake: talauci ya tura samari cikin rami mai zurfi, babu tokara, babu ƙa'ida, babu wanda ya taɓa nuna musu alamar da ƙasa ke yi kafin ta zube.

A wasu ƙasashe kuwa, masana sun ƙago wani tabarau wanda in mutum ya ɗaura shi sai ya ga kansa tsundum cikin rami, bango yana tsagewa, ƙura tana zubo masa a ka, alhali yana tsaye lafiya lau a ɗakin karatu. Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu ta buɗe cibiya mai irin wannan fasaha a 2015 domin ɗaliban ilimin ma'adinai. Fa'idar wannan tabarau biyu ce: ma'aikaci yana yin kuskure ya maimaita har ya gane ba tare da zubar da jini ba, masu bincike kuma suna sake gina haɗarin da ya auku daki-daki, su gano inda sakaci ya shigo. Gani ya kori ji.

Amma fa, na'urar da ke bukatar lantarki da kuɗin waje ba ta isa ta kore yunwar da ke jefa yaro rami ba, kuma darasin da aka tsara da Faransanci ba zai amfani mahaƙi ko sauran masu aikin haɗari irin su manomin fadamar Jiratawa mai feshin maganin ƙwari da hannu tsirara ba, balle magini a Tibiri.

Saboda haka, abin da ya kamata shi ne Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ta tsara darussan da Hausa, hukuma kuma ta tilasta tokare ramuka. Malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma kiyaye rai wajibi ne a shari'a.