Ƙananan Ƙwarin Lambu: Ki Duba Bayan Ganye Kafin Ki Kashe Kuɗin Rance

Iyayena da yayyena, da yawa daga cikinmu a nan Riko idan muka karɓi rance daga asusun ƙungiya, lambu muke sa shi: tumatir, attaruhu, kuɓewa, alayyafo. A raniyar da ta wuce wata 'yar ƙungiyarmu ta kira ni in ga tumatirinta. Ganyen duk ya naɗe, ta sayi magani har sau uku ta fesa, ba canji. Da na juya ganye ɗaya na nuna mata abin da ke bayansa, sai ta ce, "Malama, ai ban taɓa duba nan ba." Kuɗin da ta ranta rabinsa ya tafi a magani, ga ranar biya tana matsowa. Shi ya sa na rubuta wannan.

Ƙwarin da suka fi yi mana ɓarna ƙanana ne, kuma a bayan ganye suke zama.

Darɓa. Kore ce ko baƙa, tana taruwa a kan sabon tofo tana tsotse ruwansa. Ganye zai naɗe ya yi danƙo kamar an shafa zuma. In kin ga kiyashi na hawa da sauka a jikin shuka, to ki nemi darɓa, zaƙin nan suke bi.

Farin ƙuda. Ki girgiza shukar, za ki ga abu fari ya tashi kamar gari. Shi ke ɗauko cutar da ke murɗe ganyen tumatir ya tsumbure. Shukar da ta riga ta kamu ba ta warkewa, cire ta za a yi.

Jan gizo. Da ƙyar ido ke ganinsa. Yana son zafi da ƙura. Ganye zai yi ɗigo-ɗigo, ya koma ruwan ƙasa, da siririyar saƙa a bayansa.

Sharon. Tsutsa ce mai shiga tsakiyar ganyen tumatir, ta bar farin tabo da baƙin kashi a ciki, sannan ta huda 'ya'yan. Asalinta daga Kudancin Amurka take. A 2016 ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina har kwando ya gagari talaka.

To, me za mu yi?

Na farko, sau biyu a mako, da sassafe, ki zaga lambu ki juya ganye. Wannan ba ya cin ko sisi. Ganyen da kika ga sharon a ciki, ki tsinke ki binne ko ki ƙona. Kada ki yar a gefen kwami, za ta dawo.

Na biyu, ruwan bedi, wato darbejiya. Ki daka busassun 'ya'yan bedi rabin kilo, ki jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Washegari ki tace da kyalle mai laushi, ki narka ɗan farin sabulu a ciki. Ki fesa da yamma, don rana tana kashe ƙarfinsa, kuma ki tabbata ya jiƙa bayan ganye. Ki yi amfani da shi a ranar. Ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci da girma yake, saboda haka ki maimaita duk mako, kada ki ce bai yi ba.

Na uku, ki sami faranti ruwan ɗorawa, ki shafa masa man basilin, ki rataye dab da shuka. Farin ƙuda na bin wannan launi ya maƙale.

Na huɗu, ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba. Ɗan jan ƙwaron nan mai baƙin ɗigo a baya darɓa yake ci. Magani mai ƙarfi yana kashe shi tare da su.

Na biyar, kada ki sa attaruhu ko gauta inda kika cire tumatir, dangi ɗaya ne. Ki sa albasa ko masara.

In ya zama dole sai maganin kanti, kada ki sayi wanda aka ɗura a kwalba ba takarda, ko a kasuwar Jibiya ne ko daga Maraɗi aka kawo. Ki sa a karanta miki kwana nawa za ki jira kafin tsinka. Mai ciki, mai shayarwa da yara kada su yi feshi. Kwalbar kuma kada ta koma ta zuba mai ko ruwan sha.

A zamanmu na gaba, kowacce ta zo da ganye biyu daga lambunta a ƙulle cikin leda. Bayan an gama zubi za mu duba su tare. Allah Ya sa albarka a abin da muka shuka.