Ɗan Hamsin ko Mai Zuƙowa: Wane Ido Ya Fi Wa Kyamarar Fim Amfani a Jalingo?

A ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, ta mai da Jalingo babban birninta. Garin da aka fi sani da fadar Sarkin Muri sai ga shi ya cika da ma'aikatan da suka dawo daga Yola, da sababbin ofisoshi, da tarukan rantsarwa da na ƙaddamarwa. Duk inda aka taru kuwa sai an nemi mai hoto. Ga fasfo na fayil, ga hoton biki, ga na suna, ga na yaye ɗalibai. A wannan tsakanin ne kuma kamfanonin kyamara na Japan suka canja wata tsohuwar al'adarsu. A da idan ka sayi kyamara, da ido mai milimita 50 take zuwa, wato ɗan hamsin, wanda ba ya matso da abu, ba ya nesanta shi. Daga ƙarshen shekarun 1980 sai suka koma haɗa ta da ido mai zuƙowa, mara nauyi, mai sauƙin kuɗi. Canon EOS 1000 ta 1990 an riƙa sayar da ita da mai milimita 35–80, Nikon FM10 ta 1995 kuma da 35–70. Mai hoton da ya tara 'yan kuɗinsa a shekarun da naira ke ta zubewa bayan shirin tsuke bakin aljihu na SAP dole ya zaɓi ɗaya, domin aljihu ba ya ɗaukar biyu. Wanda ya gaji kyamarar mahaifinsa yau, ko ya tsinci wata a gwanjo, tambayar ita ce dai a gabansa.

Abin da ke jan mutum ga mai zuƙowa a fili yake. Kana tsaye wuri ɗaya, ka murɗa, ango ya cika hoton. Ka sake murɗawa, ga shi da abokansa goma sha. Ɗan hamsin ba ya yi maka wannan, sai ka taka da ƙafarka. To amma sauƙin nan ba kyauta ba ne, da haske ake biyansa.

Kowane ido yana da lamba a bakinsa da ke nuna iyakar buɗewar ƙofarsa, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Pentax K1000, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 har 1997, galibi da ɗan hamsin mai f/2 take zuwa. Mai zuƙowa na araha kuwa, idan ka zuƙo shi ƙarshe, a f/5.6 yake tsayawa, ko kusa da haka. Tsakanin f/2 da f/5.6 hawa uku ne, kowane hawa rabin haske yake ci, wato hasken da ɗan hamsin ke shigarwa ya ninka na wancan sau takwas. Ga mai wayar zamani wannan lissafi ba ya da wata ma'ana, tunda na'urar na ƙara wa kanta ƙarfin gani idan duhu ya yi. Fim ba haka yake ba. In ka saka mai lamba 100 ko 200 da safe, shi za ka yi ta fama da shi har hoto na 36, ko rana ta faɗi ko ba ta faɗi ba. A ɗakin amarya, ko cikin zaure, ko coci mai ƙananan tagogi, ko bayan la'asar sakaliya da hadari ya haɗo, inda ɗan hamsin zai ɗauki hoto a kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, mai zuƙowa sai ya nemi kashi ɗaya cikin 8. Babu hannun da zai riƙe kyamara cak na tsawon wannan lokaci, babu kuma yaron da zai tsaya maka. Sai an wanke fim, bayan baƙi sun watse, ka ga fuskoki dishi-dishi, ga shi ba a sake ɗaura aure don mai hoto.

Za a ce ai akwai filasha. Akwai, kuma da ita aka yi yawancin hotunan bukukuwan da ke cikin albam ɗinmu. Sai dai ita ma tana jin jikinta. Filasha irin Vivitar 283, wadda ta yi suna a hannun masu hoto ko'ina a duniya, a kan fim mai lamba 100 haskenta na kaiwa wajen mita 13 idan ƙofa tana f/2.8, amma a f/5.6 bai fi mita 6 da ɗoriya ba. Abin da ke faruwa ke nan a hotunan nan da muka saba gani: na gaba sun yi fari fat, goshi na ƙyalli, na baya kuma sun nutse cikin baƙi kamar ba su zo ba. Akwai kuma wata wahalar da sai wanda ya taɓa saita kyamara da hannu ya san ta. Abin da idonka ke gani ta cikin kyamara, ta cikin gilashin nan ya biyo. In gilashin ba ya shigar da haske, kai ma duhu kake gani, kuma 'yar da'irar nan ta tsakiya mai rabe biyu da ake saita hoto da ita takan yi baƙi a wajen f/5.6. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar walima, mai ɗan hamsin yana ganin abin da yake yi, mai zuƙowa kuwa lalube yake.

Ta fuskar ƙira ma ɗan hamsin ya riga ya girma tun kafin a haifi abokin karawarsa. Ƙwayoyin gilashi shida ne a cikinsa galibi, a kan tsarin da asalinsa ke komawa ga Planar, wanda Paul Rudolph ya zana wa kamfanin Zeiss na Jamus a 1896. An shafe shekaru ana goge wannan tsari har ya zama yin sa da kyau ba ya cin kuɗi. Shi ya sa ko Zenit ta Tarayyar Sobiyet, mai nauyi da taurin kai, idonta Helios-44 mai milimita 58 yake fitar da hoto tar. Mai zuƙowa na kyamarar hoto bai bayyana ba sai 1959, lokacin da Voigtländer ya fito da Zoomar 36–82, kuma na farkon ba su yi abin yabo sosai ba. Nikon 43–86 na 1963 ya sayu ƙwarai, amma har yau da shi ake ba da misalin idon da bai kai sunan kamfaninsa ba. Dalili shi ne aikin da wuya: ƙwayoyi masu yawa, rukuni-rukuni, suna tafiya gaba da baya, kuma dole su daidaita a kowane tsayi. In aka ce a yi wannan da araha, sai an rage wani abu. Sai ka ga gindin roba maimakon ƙarfe, gefen hoto ya yi laushi, dogaran ƙofa sun ɗan lanƙwashe, in kuma rana na gabanka sai wani hazo ya lulluɓe kalar.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma da a nan zan tsaya da an ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin akwai gaskiyar da masu raina mai zuƙowa ba sa son faɗa.

Kowane hoto a kan fim ɗin 35 faɗinsa milimita 24 ne, tsawonsa 36. Hoton da mutane suka fi karɓa, mai inci 4 da 6, ninki huɗu ne kawai da 'yan kai na wannan. A wannan girman, idan an ɗauki hoton da rana an kuma tsuke ƙofa zuwa f/8 ko f/11, da wuya ko gwani ya ce ga na ɗan hamsin ga na mai zuƙowa. Rana kuwa Jalingo ba ta rasa ta ba. Hajiyar da ta biya kuɗin hoto fuskarta take dubawa, da zanen atamfarta, da ko ɗankwali ya zauna. Ba ta neman kusurwar hoto ta ga ko bulon katanga ya fito sosai. Sai an zo faɗaɗawa, irin wanda za a sa a firam a rataye a falo ko ofis, sannan asiri ke tonuwa. Ga kuma wani abu: injin wankin hoto duk abin da ke kan fim shi yake bugawa, ba ya yanke maka gefe. Saboda haka tsara hoto tun a cikin kyamara ake gama shi, kuma a nan murɗawa ɗaya tana ceton hoto guda daga cikin 36. Haka nan idan dangi ashirin suka cika ɗaki, bayanka ya riga ya taɓa bango, ɗan hamsin ba shi da dabara. Mai farawa daga 28 zai kwashe su duka.

Inda na ga an fi yin kuskure shi ne a ɗauki masu zuƙowa duka abu ɗaya. Iri biyu ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Gajeren, 35–70 ko 35–80, aikin ƙafa yake yi maka: abin da zai ba ka, taku kaɗan gaba ko baya zai ba ka da ɗan hamsin, ba tare da ka yi asarar haske ba. Dogon, 70–210 ko 80–200, shi ne mai yin abin da ƙafa ba za ta iya ba. Ranar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Muri, idan mahaya suka sako dawakai, ba mai hankalin da zai shiga gabansu don ya cika hoto da fuskar mahayi. A filin wasa na Jolly Nyame akwai layin da ba a tsallakewa. A bikin kamun kifi na Nwonyo a Ibi, abin kallon yana tsakiyar ruwa, kai kana gaɓa. Duk waɗannan da rana ake yi, a fili, inda rauninsa ba ya cutarwa. Da ɗan hamsin za ka dawo da hoton taron jama'a, doki ya zama ɗigo. Da dogon za ka dawo da rawani da linzami da ƙurar kofato.

A wannan ajin ne kuma araha ta taɓa yin ado da gaske. A tsakiyar shekarun 1970 kamfanin Vivitar na Amurka ya fito da Series 1 70–210 mai f/3.5, wanda ƙofarsa ba ta tsukewa ko ka zuƙo shi ƙarshe. Kuɗinsa bai kai na Nikon ko Canon ba, aikinsa kuwa ya matso su har ƙwararru suka ɗauke shi. Vivitar ba shi da masana'antar kansa, kwangila yake bayarwa, shi ya sa masu tara kayan hoto ke duba lambobi biyu na farko a jikin idon: 22 na Kiron ne, 37 na Tokina, 28 na Komine, kuma waɗannan ukun su ake nema. Yana da nauyi, na farkon ya doshi kilo ɗaya, kuma a 210 hannu ba ya riƙe shi sai a kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa ko fiye, don haka fim mai lamba 200 ko 400 ya fi dacewa da shi. Kada kuma a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya nufi dajin Gashaka-Gumti da shi don ɗaukar birai a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa zai tarar tsayin bai isa ba, hasken ma bai isa ba.

Saura yanayin ƙasa, wanda waɗanda suka ƙera kayan nan ba su yi lissafinsa da mu ba. Mai zuƙowa irin na turawa da jawowa numfashi yake yi kamar zuga-zugin maƙera, kowace turawa iska ce ke shiga tana fita. Da hunturu ƙura yake shaƙa, da damina kuma danshi, daga nan fumfuna ta yi saƙa a kan gilashin ciki. Wanda ya hau tsaunin Mambilla cikin hazon Gembu ya sauko ya kulle shi a jaka bai shanya ba, ya ba ta gida. Ɗan hamsin ma yana kamuwa, amma warware shi a goge a mayar aiki ne mai sauƙi ga mai gyara. Mai ƙwayoyi goma sha biyar kuwa, in aka kwance shi, ba kullum yake komawa yadda yake ba. Abu ɗaya da za a faɗa a madadinsa shi ne mai ido ɗaya a kyamara ba ya yawan cirewa da sakawa a tsakiyar ƙura, kuma tsakuwa ɗaya da ta sami hanyar shiga bayan kyamara tana iya jan layi a fim daga farko har ƙarshe.

Tunda duk waɗannan kaya yanzu na hannu ne, a duba kafin a biya. A buɗe ƙofar duka a haska tocila ta baya: 'yar ƙura ba komai, amma saƙar fumfuna ko hazo a ajiye. A duba fukafukan ƙofar ko mai ya jiƙa su, don masu mai ba sa rufewa da sauri. A kifa shi a ga ko yana zamewa da kansa. A kuma tabbata gindinsa ya dace da kyamarar, domin na Pentax ba ya shiga Nikon, kuma tsohon Canon FD ba ya hawa EOS.

Fim ya yi tsada, wankinsa ya yi wuya. AgfaPhoto ya durƙushe a 2005, Konica Minolta ya bar harkar a 2006, Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2012. Kowane hoton da ya lalace yau asararsa ta fi ta jiya, kuma wannan ya ƙara wa ɗan hamsin nauyi a ma'auni. Ni dai in kuɗin ido ɗaya ne a hannu, shi zan saya, f/2 ko f/1.8, ba tare da dogon tunani ba. In na biyu ya samu, tsohon 70–210 na ƙarfe mai f/3.5 ko f/4 zan nema, don ranar sallah da bakin ruwa. Gajeren na roba kuwa, in da shi kyamarar ta zo, a riƙe shi, a sa masa inuwa a baki, a tsuke shi zuwa f/8, a yi aikin rana da shi. Amma kuɗin da za a fitar a saye shi daban, gara a sayi fim da su.