Faifan Wuta A Kewayen Matattun Taurari

Kowa ya san tauraro da haskensa a ke gane shi. To, yaya masana su ke gane tauraron da ya riga ya mutu, wanda ba ya ba da haske irin na sauran? Sau da yawa ba shi su ke gani ba, abincinsa su ke hangowa yana ƙuna kafin ya kai bakinsa.

Tauraro dai kamar ranarmu ya ke, watau ƙaton dunƙulen iska ne mai tsananin zafi. In babba ne ƙwarai, kamar ya fi rana nauyi sau 8 ko fiye, ran da makamashinsa ya ƙare sai cikinsa ya rufta. Abin da ya saura ɗayan biyu ne. Ko dai ya zama abin da a ke kira tauraron nutron, wanda faɗinsa bai wuce mil 12 ko 13 ba, amma ya fi rana nauyi, har cikin cokalin shayi ɗaya nasa ya fi tan miliyan 1,000. Ko kuwa ya zama baƙin rami, wanda ƙarfin jansa ya kai ko haske in ya shiga ba ya fitowa.

Taurari da yawa bibbiyu su ke, suna kewaya juna. In ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa kuwa yana kusa, sai mataccen ya riƙa zuƙo iskar mai ran. Nan ne wurin da ya kamata mu lura. Iskar nan ba ta faɗawa kai tsaye kamar dutsen da aka saki a rijiya, gama tun tasowarta tana gudu ta gefe, sai ta shiga zagaye kamar dutse cikin majajjawa. Da haka ta kan baje ta zama wani abu mai faɗi, marar kauri, kamar faifai, mataccen tauraron yana tsakiya. Malamin da ya ke so ya nuna wa yara wannan, ya sami kwano mai huji a gindi, ya toshe, ya cika shi da ruwa, ya barbaɗa dusa, ya dama da yatsa, sa'an nan ya buɗe hujin. Za su ga dusar tana ta zagaye, wadda ke kusa da hujin ta fi ta bakin kwano sauri. Misalin bai cika daidai ba, amma ya isa a fara da shi.

Tun da ya ke ta ciki ta fi ta waje sauri, sai su riƙa gogar juna. Gogayyar nan ita ke sa iskar ta riƙa gangarowa ciki kaɗan kaɗan, ita ce kuma ke kawo zafi, kamar yadda mutum ke murza tafin hannunsa da sanyin asuba. Sai dai zafin nan ya kan kai digiri miliyan 10 a tsakiyar faifan, alhali fuskar rana ba ta wuce kamar 5,500 ba. Abin da ya yi zafi haka, hasken da ya ke fitarwa irin wanda likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi ne, watau eksire. A ganina babban abin mamaki shi ne albarkar wannan murhu. Rana, duk ƙunarta, kashi 7 cikin 1,000 kaɗai na nauyin makamashinta ta ke mayarwa haske da zafi. Faifan baƙin rami kuwa ya kan mayar da kamar kashi 6 cikin 100, in ramin yana juyi da sauri ma har wajen kashi 40.

Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare eksire, saboda haka sai an hau sama a ke ganinsa. Cikin 1962 Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka harba roka a Amurka, suna neman eksire daga wata. Ba su samu ba, sai suka yi kiciɓis da wani abu mai ƙarfi a wajen taurarin Kunama, aka sa masa suna Scorpius X-1. Yanzu an san tauraron nutron ne mai faifai. Ran 12 ga Disamba, 1970, aka harba tauraron ɗan'adam musamman don wannan aiki daga gaɓar tekun Kenya, aka kira shi Uhuru, watau 'yanci da Sawahili, don ranar ta dace da ranar samun mulkin kan ƙasar. Cikin 1973 wasu Rashawa biyu, Shakura da Sunyaev, suka tsara lissafin faifan, wanda har yau a ke aiki da shi. Amma sun bar tambaya guda. Iska ba ta da danƙo, gogayyarta ta yau da kullum ba za ta isa ba ko kusa. Sai cikin 1991 Balbus da Hawley suka nuna cewa ɗan maganaɗisun da ke cikin iskar shi ke ɗaure ta ciki da ta waje kamar igiyar roba, ya yamutsa faifan duka.

Saura yadda a ke rarrabe tauraron nutron da baƙin rami, tun da duka biyu faifai gare su. Hanya ɗaya ita ce awon nauyi, a duba yadda mataccen ke jijjiga ɗan'uwansa. Tauraron nutron ba ya kai nauyin rana 3. Wanda a ke kira Cygnus X-1 kuwa, mai kewaya abokinsa cikin kwana 5 da rabi da 'yan kai, awon 2021 ya ba shi nauyin rana kamar 21, don haka rami ne. Ɗaya hanyar ta fi daɗin ji. Tauraron nutron yana da doron ƙasa, iskar da ta sauka sai ta taru a kansa, in ta yi yawa ta kama da wuta gaba ɗaya, eksiren ya yi tsalle na 'yan daƙiƙoƙi ya lafa, bayan 'yan sa'o'i a sake. An fara ganin wannan cikin 1975. Baƙin rami ba shi da inda abu zai tsaya ya taru, shi ya sa ba a taɓa ganin irin wannan fashewa daga gare shi ba.