Budda da Annabi Isa: Kwatancin Rayuwarsu da Koyarwarsu

Gabatarwa

A ƙasar Hausa sunan Annabi Isa (A.S.) ba baƙo ba ne. Yaron makarantar allo a Batsari ko Safana ya san shi tun daga Suratu Maryam, Kirista Bahaushe kuwa ya san shi da sunan Yesu Almasihu a cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932. Shi kuwa Budda, yawancinmu ba mu san shi ba sai a hoto, mutum-mutumi zaune ya tanƙwashe ƙafafu. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin jera rayuwar mutanen nan biyu, ta nuna inda koyarwarsu ta haɗu da inda ta rabu, sannan ta duba matsalar kalmomin da za a bayyana su da Hausa.

Asali da tashi

An haifi Siddarta Gotama a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yau. Tsohon lissafi ya sa rayuwarsa tsakanin 563 da 483 kafin Miladiyya, amma manazarta da yawa sun matso da rasuwarsa kusa da shekara ta 400. Ɗan sarauta ne na kabilar Sakiya, ya yi aure har ya sami ɗa, Rahula. Littattafan mabiyansa sun ce mahaifinsa ya killace shi don kada ya ga baƙin ciki, sai wata rana ya fita ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, ya kuma ga wani mai gudun duniya. Yana da shekara 29 ya bar gida. Ya shekara 6 yana horar da kansa da yunwa har ya kusa halaka, daga nan ya zaɓi matsakaiciyar hanya. A Bod Gaya, ƙarƙashin wata itaciya dangin cediya da durumi, aka ce ya sami wayewa yana da shekara 35. Ma'anar laƙabin Budda ke nan, watau wanda ya farka. Ya yi wa'azi shekara 45, ya rasu a Kushinagar yana ɗan 80.

Annabi Isa kuwa an haife shi a Falasɗinu a ƙarshen zamanin Sarki Hirudus, wanda ya mutu shekara 4 kafin Miladiyya. Musulmi da Kirista sun yi ittifaƙi cewa Maryamu ta haife shi ba tare da uba ba. Ya tashi a Nazarat cikin gidan masassaƙi, ya fara kira yana wajen shekara 30, kiran kuma bai wuce kamar shekara 3 ba. Kiristoci sun yi imani an gicciye shi a zamanin gwamnan Rumawa Bilatus, ya tashi a rana ta uku. Alƙur'ani ya ce ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi.

Ke nan ɗaya ya baro gidan sarauta ya ɗauki ƙoƙon bara, ɗayan kuwa cikin talakawa ya tashi tun fil azal. Dukansu sun yi yawo a ƙasa da almajirai, sun yi koyarwa da misalai na noma da kiwo, kuma babu wanda ya bar littafi da rubutun hannunsa. Linjiloli huɗu na Kirista da Girkanci aka rubuta su, koyarwar Budda kuwa an riƙe ta a ka ƙarnoni da dama kafin a rubuta ta da harshen Fali a Siri Lanka, cikin ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya.

Inda suka haɗu da inda suka rabu

Ta fuskar hali, kamannin na da yawa. Dukansu sun hana ramuwar gayya, sun yi gargaɗi a kan son dukiya, sun kuma karɓi waɗanda jama'a ke ƙyama. Budda ya shigar da wanzami da mai shara cikin almajiransa a ƙasar da ake auna mutum da asalinsa, Annabi Isa kuma ya ci abinci da masu karɓar haraji.

Bambancin yakan fito sarai idan aka dubi yadda kowannensu ya fuskanci ciwo da mutuwa. An ruwaito cewa wata mata, Kisa Gotami, ta kawo wa Budda gawar ɗanta. Sai ya ce ta samo masa ƙwayar mastad daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Ta zaga gari ba ta samu ba, ta gane cewa rashi na kowa ne. Maganinsa ke nan: wahala tana tattare da rayuwa, tushenta kwaɗayi, tana yankewa idan kwaɗayi ya mutu, kuma akwai tafarki mai rassa 8 da mutum zai bi da ƙoƙarin kansa. Bai kafa koyarwarsa a kan Mahalicci ba.

Annabi Isa kuwa ya miƙa hannu ya taɓa kuturu ya warke, ya kuma ta da matacce, da izinin Allah kamar yadda Alƙur'ani ya faɗa. Koyarwarsa duka ta rataya ne ga Allah: tuba, da gafara, da ranar hisabi. Wannan misali na kuturu ya iso har ƙasar Katsina. Duk wanda ya biyo hanyar Batsari zuwa birni zai wuce Babbar Ruga, inda mishan ta S.I.M. ta riƙe asibitin kutare tun ƙarshen shekarun 1930, kafin daga baya gwamnati ta karɓa.

Matsalar kalmomi

A nan ne ya kamata mai nazarin harshe ya yi hattara. Kalmominmu na addini daga Larabci muka aro su, sun kuma zo da ma'anar tauhidi a cikinsu. Shi ya sa masu fassarar 1932 suka sami Allah, da annabi, da zunubi, da mala'ika a shirye. Ga Budda kuwa kalmomin sai su ƙi zama. Ba a ce masa annabi ba, don bai ce wani ya aiko shi ba. Nirbana ba Aljanna ba ce, asalin kalmar mutuwar wuta ne idan makamashi ya ƙare. Karma kuma ba ƙaddara ba ce, ta fi kusa da karin maganarmu, abin da mutum ya shuka shi zai girba, sai dai girbin a wurinsu yakan tsallaka zuwa wata haihuwar.

Kalmar da ta fi dacewa da shi ita ce zuhudu, ko gudun duniya. Masana sun daɗe da lura cewa ƙissar Ibrahim bin Adham, sarkin Balkh da ya bar mulki ya bi Allah, tana kama da ta Budda. Har ila yau, labarin Budda ya shiga Larabci da sunan Bilauhar da Budasaf, daga nan ya isa Turai, inda Kiristoci suka daɗe suna girmama shi a matsayin waliyyi Yosafat ba tare da sanin asalinsa ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa mutanen nan biyu sun yi kusa ta wajen ladabi da tausayi, sun yi nisa ta wajen aƙida. Malamin da zai koyar da wannan fanni da Hausa, gara ya bar nirbana da karma da sunayensu ya yi musu bayani, da ya lulluɓe su da Aljanna da ƙaddara, ɗalibi ya tashi yana zaton ya gane alhali an ba shi wani abu dabam.